Yadda Ake Zaɓen Tabarau Mai Allo da Haɗa Shi Don Kallo da Buga Gem

Idan ka ga tallan tabaran nan da ake cewa mutum zai sa a ido ya ga allon sinima a gabansa, har zuciyarka ta fara raya maka ka saya, to ka ajiye maganar kuɗi tukuna. Ɗauko wayarka, ka juya ta, ka dubi ramin cajinta. A nan maganar take. Tabaran ba shi da batir, ba ya ajiye fim, ba ya shiga intanet da kansa. Allo ne kawai da ake ratayawa a fuska. Hoto da sauti da wutar da zai ci duk ta kebul ɗaya suke zuwa masa, daga waya ko kwamfuta ko na'urar gem. Idan na'urarka ba ta iya tura hoto ta ramin cajinta, ko nawa ka kashe duhu za ka gani.

A cikin kowane ɓangare na tabaran akwai wani mitsitsin allo da bai kai girman farce ba, yana kallon ƙasa, sai madubai su karkato da hoton zuwa idonka ta yadda za ka gan shi a nesa, ya yi girma. A yawancin samfura, kowane ido yana samun hoto mai ingancin 1920 da 1080, wato 1080p. Kamfanin Xreal, wanda ake kira Nreal kafin 2023, ya kwatanta hoton samfurinsa na Air da allo mai inci 130 da ake kallo daga nisan mita 4. Nauyin irin waɗannan tabarau yana kaiwa giram 70 zuwa 80 da 'yan kai, don haka ba su yi kusa da manyan na'urorin nan da ake ɗaurawa a kai irin Meta Quest ba. Sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Xreal, Viture, Rokid da RayNeo.

Abu ɗaya nake so ka sa a ranka tun yanzu: na mutum ɗaya ne. Ba zai maye gurbin talabijin ɗin falo da iyali ke taruwa a gabansa ba, ba kuma zai ba ka ihun gidan kallo a daren wasan Madrid da Barcelona ba. Amfaninsa na ɗalibin da ke raba ɗaki da wasu ne, da matafiyi, da magidancin da ke son kallo bayan yara sun yi barci ba tare da hasken talabijin ya tashe su ba, da wanda ɗakinsa ba shi da wurin ajiye babban allo. Ga waɗannan, abin yana da daɗi ƙwarai.

Matakin farko: gwada wayarka

Ganin ramin caji irin na USB-C bai isa ba. Wayoyi biyu suna iya zama da rami iri ɗaya sak, ɗaya tana fitar da hoto, ɗaya caji da tura fayil kawai take yi. Abin da ake nema sunansa DisplayPort Alt Mode, kuma a cikin injin wayar yake. Babu manhajar da za ka sauke ta ƙara maka shi, babu mai gyaran da zai saka maka shi. Duk wanda ya ce zai buɗe maka shi a kan kuɗi kaɗan, ka riƙe kuɗinka.

Yawancin wayoyin Samsung na jerin Galaxy S tun daga S8, da na jerin Note tun daga Note 8, suna yi. iPhone 15 da yawancin waɗanda suka biyo bayanta suna yi, amma iPhone 16e ba ta yi duk da cewa ramin USB-C gare ta. Google Pixel daga 8 zuwa sama suna yi. Sai dai wayoyin da suka fi yawa a aljihun mutanenmu, wato mafi yawan Tecno da Infinix da itel da Redmi da Galaxy na jerin A, ba sa yi. Ba aibu ba ne a gare su, an rage wannan ne don farashi ya sauko. Amma gara ka ji yanzu da ka ji bayan ka biya.

Hanya biyu ce ta tabbatarwa. Ka rubuta sunan wayarka a shafin GSMArena, ka gangara wurin da aka yi bayanin USB, ka duba ko an ambaci DisplayPort. Ta biyun ita na fi yarda da ita: ka je shagon masu kayan waya, a Kasuwar Sheikh Gumi ko a jerin shagunan titin Ahmadu Bello in a Kaduna kake, ka ce a ba ka kebul mai USB-C a kai ɗaya da HDMI a ɗaya kan, a jona wayarka da talabijin ɗin shagon. In hoton wayarka ya fito nan take, ba a ce ka sauke komai ba, to tabaran ma zai yi. In aka ce sai ka sauke wata manhaja ko ka kunna wani abu a saitin masu ƙera manhaja kafin hoto ya fito, wannan wata dabara ce daban, kuma ba za ta kunna tabarau ba. Ka kula da wannan bambancin sosai, domin a nan ake yawan ruɗewa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ma haka za ka duba ta. Ramin USB-C da ke da alamar walƙiya ta Thunderbolt a gefensa, ko alamar harafin D, yana fitar da hoto. MacBook na shekarun nan duk suna yi.

In wayarka ba ta yi, ba a rufe ƙofa ba. Kana iya neman tsohuwar Galaxy S10 ko S20 ko Note 10 ta hannu, ka mayar da ita ta kallo kawai, wayarka ta kullum ta huta. A ganina wannan ya fi sauƙi ga mutumin Kaduna, saboda ana samun su a gari kuma akwai masu gyaran su. Ko kuma ka sayi 'yar na'urar da kamfanonin suka yi don wannan aikin, irin Rokid Station ko Xreal Beam Pro. Ko ka bi ta HDMI daga dikoda ko PlayStation, wanda zan yi bayaninsa a gaba.

Mataki na biyu: idonka

Ba a sa wannan tabarau a kan tabaran likita, ba wuri. Kuma tunda hoton a nesa ido yake ganinsa, wanda ba ya ganin nesa da kyau zai ga dishi-dishi kamar yadda yake ganin allon aji daga bencin baya. Mutane suna zaton tunda allon yana manne da ido ba su buƙatar gyara, alhali ba haka ba ne.

Viture Pro yana da 'yan ƙafafun murzawa a sama, ɗaya ga kowane ido, suna gyara rashin ganin nesa har zuwa -5.00. Rokid Max yana kaiwa -6.00. Xreal ba shi da wannan, sai dai a yanka maka gilashin likita a saka a wani ƙaramin firam da ake maƙalawa ta ciki. Abin murzawar ba ya gyara astigmatizim, wato matsalar da rashin daidaiton siffar ido ke jawowa. Idan takardar gwajin idonka tana da lamba a ƙarƙashin CYL, gilashin da aka yanka maka kake buƙata ko wane samfuri ka saya.

Saboda haka kafin saye ka je a auna idonka, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ko wurin duk wani ƙwararren mai auna ido. Ka roƙi a rubuta maka har da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka biyu. Ta yawancin manya tana kusa da milimita 63. Wanda tasa ta yi nisa da haka sosai, sama ko ƙasa, shi ne ke kukan cewa gefen hoto ba ya fita. Don haka ne ma Xreal One Pro ya zo da girma biyu. Lamba ce ƙarama, amma ita ke raba wanda zai ji daɗin kayansa da wanda zai jefa shi a durowa bayan mako ɗaya.

Mataki na uku: saye

Farashin da aka fitar da su a Amurka zai ba ka ma'auni. Viture Pro ya fito a 2024 a kan dala 459. Xreal One ya fito a ƙarshen 2024 a kan dala 499. RayNeo Air 3s ya fito a 2025 a kan dala 269. Ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. In ka ga an yi maka tayin sabo dal a kan abin da bai kai rabin wannan ba, ka tsaya ka yi tambaya. Akwai wasu tabarau masu araha da ake tallatawa da suna mai kama da wannan, waɗanda lasifika da kyamara kawai gare su, babu allo a ciki ko kaɗan.

Wanda kallon fim a kwance ne burinsa, mai arahar ya ishe shi. Wanda zai yi aiki da kwamfuta ko ya daɗe yana gem, ya ƙara kuɗi ya ɗauki wanda ke iya kafe allo wuri ɗaya da kansa, irin Xreal One. Akwai kuma masu gilashin da ke yin duhu in an danna maɓalli, irin Xreal Air 2 Pro da Viture Pro. Da hasken ranar garin nan, wannan ba ado ba ne. Wanda ba shi da shi yakan zo da baƙin murfi da ake maƙalawa a gaba, ka tabbata yana cikin kwalin.

Kada ka yi cinikin biri a sama, musamman in na hannu ne. Ka je da wayarka, ka ce wa mai shagon, “Alhaji, a bar ni in jona da tawa wayar in gani.” In ya ce, “Malam, ai ga tawa a jone, duba kawai,” ka yi masa bayani cikin ladabi cewa taka ce za ta yi aikin a gida. Ɗan kasuwar kirki ba zai hana ba. Da ka sa, ka buɗe farin hoto fes wanda ba komai a kansa, ka rufe ido ɗaya ka zagaya kusurwoyi huɗu da kallo, sannan ka canza ido. Baƙin ɗigo, ko layi, ko inuwar wani tsohon rubutu da ya ƙone a allon, duk a kan fari suke bayyana. Ka sake yin haka da baƙin hoto. Sannan ka ɗan motsa kebul ɗin a inda ya shiga ƙafar tabaran. In hoto ya ɗauke ya dawo, ramin ya saki, ka ajiye. Ka buɗe ƙafafun ka rufe, ka duba gindinsu da kyau ko akwai tsagewa, domin ta nan wayoyin ciki suke bi. Ka saurari lasifikar dama da ta hagu. Ka ƙirga kayan kwali: kebul na asali, robobin hanci masu girma daban-daban, akwatin ajiya, ƙyallen gogewa. Ka karɓi rasit da aka rubuta kwanakin da za ka iya dawo da shi.

In daga waje za ka yi oda, ka haɗa duk adaftocin da kake buƙata a tafiya ɗaya. Sun fi tabaran wahalar samu a nan.

Mataki na huɗu: ranar farko

Ka zauna a ɗaki mai matsakaicin haske, wayarka cike da caji. Ka fara sa kebul a tabaran, sannan a wayar. Ka yi amfani da kebul ɗin da ya zo a kwali, domin yawancin kebul ɗin caji da ke gidanka ba su da wayoyin ɗaukar hoto a ciki, ko da kansu ya shiga daidai. Cikin 'yan daƙiƙu hoto zai fito.

Kada ka yi saurin kunna fim. Minti goman farko na gyaran zama ne, kuma su ne suka fi komai muhimmanci. Ka buɗe shafi mai rubutu. In ƙasan hoton ya yanke ko ya yi dishi-dishi, tabaran ya yi sama da yawa ko ya yi nisa da ido, ka canza robar hanci zuwa ƙarama. In saman ne ba ya fita, ka sa babba. Ƙafafun Xreal suna lanƙwasuwa sama da ƙasa mataki uku, za ka ji ƙas idan ka matsa, ka gwada kowanne har sai kusurwoyi huɗu sun fito tare. In naka mai abin murzawa ne, ka rufe idon hagu ka murza na dama har rubutu ya fito tas, ka tsaya daidai nan kada ka wuce, sannan ka yi wa ɗayan. Wucewa da murzawa yana sa ciwon kai ko da hoton ya yi kyau a farko.

Ka rage haske zuwa tsakiya. Ka zagaya da kebul ta bayan kunne ya sauko ta kafaɗa, don kada hannu ya fizge shi. Mai sanye da hijabi ta fara sa tabaran, ta bi da kebul ɗin ta ciki ya fito ta ƙasa, ya fi zama daram. Mai hula ya ɗan tura ta baya don kada ta danne firam ɗin.

A wayar Samsung za ka ga zaɓi biyu: ko ta kwafo abin da ke fuskar wayar, ko ta buɗe DeX, tsarin Samsung mai kama da fuskar kwamfuta. Ka zaɓi DeX. Yana cika allon gaba ɗaya, wayar kuma ta koma wurin shafa yatsa don motsa kibiya. Kwafowa tana barin baƙin fili sama da ƙasa saboda siffar fuskar waya doguwa ce. A iPhone kwafowa ce kawai, ka buɗe makullin juyawar allo ka kwantar da wayar, da ka kunna bidiyo zai cika. A kwamfuta kuwa tabaran zai fito a matsayin allo na biyu, ka sa ingancinsa a 1920 da 1080.

Sai maganar yadda allon ke tafiya. A mafi sauƙin samfuri, duk inda ka juya kai allon yana biye da kai. Wannan ya dace da kwanciya rigingine. A masu tsada kana iya kafe shi a wuri ɗaya cikin ɗaki, in ka waiwaya ya tsaya inda yake, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai saurin jin jiri. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: a cikin abin hawa kada ka kafe shi. In ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, tafiyar sama da awa biyu wadda ta isa fim guda, duk lanƙwasar da jirgin ya yi tabaran zai ɗauka kai ne ka juya, allon ya riƙa sulalewa gefe. A nan ka mayar da shi mai bin kai.

Zaman farko kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Ka ƙara a hankali cikin kwanaki. In ka ji tashin zuciya ko nauyi a goshi, ka cire, kada ka daure.

Kallo

Allo babba ba ya rufa wa fim mara inganci asiri. Bidiyon da aka matse aka tura ta WhatsApp, wanda yake fita lafiya a fuskar waya, a nan za ka gan shi ya farfashe. Ka nemi 1080p, ko aƙalla 720p. Idan wurin masu tura finafinai kake zuwa, ka ce musu mai nauyin kake so, ba wanda aka rage ba. Fiye da 1080p kuma ɓarnar data ce, tabaran ba zai nuna ƙarin ba. Netflix na iya cin kusan gigabait 3 a awa ɗaya a babban inganci, don haka ka riƙa saukewa lokacin da kake da Wi-Fi ko garaɓasar dare, ka kalla daga baya. Ka kuma sani tsarinsu mafi araha na waya kaɗai a 480p yake tsayawa.

Lasifikokin suna cikin ƙafafun tabaran, a buɗe suke, na kusa da kai zai ɗan ji abin da kake ji. A ɗaki kai kaɗai ba matsala. A cikin mutane ka haɗa iyafis na Bluetooth da wayar, ka zaɓe shi a matsayin mafitar sauti.

Yawancinsu suna nuna fim mai zurfin 3D, irin wanda aka jera hoto biyu gefe da gefe. Akwai maɓallin da ake dannewa na 'yan daƙiƙu don shiga wannan yanayin, takardar cikin kwali za ta nuna maka shi. In wata rana ka ga hoto ya rabu biyu ko ya miƙe ba dalili, yawanci wannan maɓallin ka danne ba ka sani ba.

Don kallon ƙwallo daga dikodar DStv ko GOtv ko StarTimes, sai da adafta, kuma a nan nake roƙonka ka buɗe ido. Adaftar da ta cika kasuwa ita ce mai ɗaukar hoto daga USB-C ta kai HDMI, wato daga waya zuwa talabijin. Kai kishiyarta kake nema, mai ɗauka daga HDMI ta kai USB-C. Hanya ɗaya kowacce take bi, ba a juya ta. Ta gaskiyar za ka gan ta da ƙarin rami ko ƙarin kebul na wuta, saboda HDMI ba ya iya ciyar da tabaran. Ka kuma tabbata an rubuta tana ɗaukar HDCP, wato tsarin da ke hana satar kwafin bidiyo, in ba haka ba wasu tashoshin baƙi za su nuna maka.

Gem

Na'urorin gem na hannu irin Steam Deck da ROG Ally da Legion Go kai tsaye suke yi, ka jona kawai. A nan ne ma tabaran ya fi nuna kansa: na'urar tana kan cinyarka, wuyanka a miƙe, ba ka sunkuya wa ƙaramin allo ba.

PlayStation 4 da 5 da Xbox ta adaftar HDMI ɗin nan za su bi. Ka fara jona na'urar da talabijin, ka shiga saiti ka sa ingancin hoto a 1080p, ka kashe HDR, sannan ka mayar da kebul ɗin kan adafta. In ka tsallake wannan, na'urar tana iya turo hoton da tabaran ba zai iya karantawa ba, ka zauna cikin duhu ba ka ga ma inda za ka gyara ba. Wutar adaftar kana iya ɗaukarta daga ramin USB na jikin PlayStation ɗin. Yawancin sababbin tabarau suna kai 120Hz, wato suna sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, amma sai adaftar da gem ɗin su ma sun kai. Ga mai buga ƙwallo irin EA Sports FC, 60Hz ya wadatar.

Nintendo Switch ba ta sakin hoto sai ta ji tana samun wuta irin ta mazauninta, wato gindin da ake ɗora ta a kai don haɗa ta da talabijin, don haka ba ta yi kai tsaye. Sai da 'yar tashar da aka yi don haka, irin wadda Viture ke sayarwa, ko ka bi ta mazauninta na asali da adaftar HDMI.

Gem ɗin waya kuma akwai magana. Duk wanda da yatsa ake buga shi a fuskar waya zai ba ka wahala, saboda idonka yana kan allon tabarau, ba ka ganin inda yatsunka suke sauka. Ka nemi hannun gem na Bluetooth, na PlayStation ko na Xbox, ka zaɓi gem ɗin da ya yarda da shi, irin Call of Duty Mobile. Iyafis na Bluetooth yana ɗan jinkirta sauti, a fim ba a lura, amma a gem ɗin harbi za ka ji. A nan lasifikar tabaran ta fi.

Wuta, zafi da ƙura

Tunda daga wayarka tabaran yake shan wuta, batir zai riƙa sauka da sauri, ramin caji kuma a toshe yake da kebul. Maganinsa 'yar adafta mai baki biyu, ɗaya na tabarau ɗaya na caja, wadda ake yi musamman don wannan. Ba kowace mai baki biyu ce ke wuce da hoto ba, ka sayi wadda aka ambaci tabarau a jikinta. Da ita da fawa-bank mai kyau, in an ɗauke wuta fim ɗinka ba zai tsaya ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa na ga ya dace da mu. Lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, ka zare cajar daga bango har wutar ta daidaita.

A zafin Maris da Afrilu, waya mai caji kuma tana tura hoto za ta yi zafi sosai. Ka cire mata riga, kada ka tura ta ƙarƙashin filo, ka ajiye ta inda iska ke bugawa. Saman tabaran ma yana ɗumi a wajen goshi, wannan ba lalacewa ba ce. Kada ka bar shi a mota a rana.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Madubin ciki yana da wani siririn shafi, ƙura kuwa yashi ce. In ka goge da bakin riga, ka karce shi ke nan, kuma karcen zai zauna a tsakiyar kowane fim da za ka kalla. Ka fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, sannan ka shafa ƙyallensa a hankali. Ban da sifirit, ban da turare, ban da ruwa kai tsaye. Man shafawa da hoda da kwalli suna taruwa a robar hanci da gefen madubi, a riƙa gogewa bayan kowane amfani. Bayan alwala ka bari fuska ta bushe. Da ka gama, ya koma akwatinsa a zuge, kebul a cire, ba a naɗe shi da ƙarfi a jikin firam ba.

Ido yana buƙatar hutu. Mutum yana rage ƙiftawa in ya ƙura wa allo ido, iskar hunturu kuma ga ta a bushe. Duk bayan minti 20 ka ɗaga tabaran, ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Mai farfaɗiya ko wanda aka yi wa aikin ido ya tambayi likitansa tukuna. Ƙananan yara kuma a bar su da talabijin, ba don fuskarsu aka auna shi ba. Da yake yana rufe mutum daga abin da ke kewaye da shi, lokaci yana wucewa ba a sani ba, ka saita ƙararrawar lokutan salla a wayar da ke jone, za ta katse maka kallon.

Ko da kana hango waje ta cikinsa, ba a tafiya da shi a ƙasa, ba a tuƙi da shi, ba a hawa babur da shi. A Keke ko a tasha ma ban ba ka shawara ba, domin wayar tana hannunka, hankalinka yana wani wuri. A jirgi ka sa wayar a aljihun gaba, jakarka a tsakanin ƙafafunka, ka bar gilashin ba duhu sosai ba yadda za ka ga mai wucewa.

In ya ƙi kawo hoto

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbata wayar a buɗe take ba a kulle ba. Ka zare kebul ka mayar, ka tura shi har ƙarshe, domin rigar waya mai kauri tana hana shi shiga sosai. Ka haska ramin cajin da tocila, ƙura da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki, ka sa tsinken sakace a hankali ka fito da su, ban da allura. Ka duba ko batir ya yi ƙasa ko wayar tana yanayin tattalin batir. In sauti yana zuwa ba hoto, ka ƙara haske da maɓallin jikin ƙafar, ka kuma goge 'yar na'urar da ke tsakanin idanu ta ciki, wadda ke gane an sa tabaran a fuska, don in maiƙo ya rufe ta allon yana iya ƙin kunnuwa. In hoto yana zuwa ba sauti, ka shiga saitin sauti ka zaɓi tabaran. In duk wannan bai yi ba, ka jona shi da wata na'urar da ka tabbata tana fitar da hoto. Ya yi a can, matsalar daga wayarka take. Bai yi ba, ka gwada wani kebul mai ɗaukar hoto kafin ka yanke hukunci a kan tabaran, domin kebul ne ya fi saurin mutuwa. Kamfanonin kuma suna sakin sabuntawar manhajar cikin tabaran a shafukansu, ana yi ta kwamfuta cikin 'yan mintuna. Ka yi ta lokacin da batirin kwamfutar yake cike, kuma kada ka zare kebul sai ta nuna ta kammala.